Tarihin Hanyarmu, Daga Ayari Zuwa Tashar Wadata

A wannan fitowa mun ga ya kamata mu waiwayi tarihin hanyar da ke kai mu gida, domin babu ɗayanmu da bai taɓa tsayawa a tashar Wadata da jaka a hannu ba.

Sa'ad da Turawan Faransa suka mai da Yamai babban birni a shekara ta 1926, kakanninmu a ƙasa suke zuwa, ko bisa jaki da raƙumi. Abin tsoro a lokacin shi ne ƙishirwa da ƴan fashi. Da mota ta zo, hanyar ta jar ƙasa ce mai gargada, ita da kanta take hana direba gudu. Mota takan kafe, takan lalace, a kwana a daji, amma galibi a isa da rai.

Bayan samun mulkin kai a 1960 sai gwamnati ta duƙufa ga aikin hanya. Aka buɗe gadar Kennedy a 1970. Aka bi babbar hanya mai lamba 1 da kwalta, watau wadda ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Difa. Kuɗin yuraniyom kuma suka gina ta Tawa zuwa Arlit. Tafiyar kwanaki ta koma ta yini guda, kowa ya yi murna.

To, amma kwalta ta zo da nata. Hanya ɗaya ce siririya, a kanta manyan motocin kaya suke bi, da motocin fasinja, da amalanke, da garken dabbobi, ga ta kuma ta ratsa tsakiyar kasuwannin ƙauyuka. Daga baya babura masu araha suka cika gari, yaro ya hau ba hular kwano, ba takardar tuƙi. Direba kuwa, tun da yawan sawu ne ribarsa, sai ya yi lodi fiye da kima, ya tashi da dare ba barci.

Hukuma ba ta yi shiru ba. An yi sabuwar dokar hanya a 2014, an kuma kafa hukumar kiyaye haɗurra da ake kira ANISER. Duk da haka ba mu manta da daren 5 ga Mayu 2019 ba, sa'ad da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi. Aƙalla mutum 55 suka rasu a daren, waɗansu suka cika a asibiti. Allah Ya jiƙansu. A bakin hanyar nan tamu ce abin ya faru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1 da dubu 190 suka mutu a haɗarin hanya a 2021. Daga 2010 zuwa 2021 mace-macen sun ragu da kashi 5 cikin 100 a duniya, amma a Afirka sun ƙaru da kashi 17, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci. Waɗanda suka rage nasu ba wani asiri suka yi ba: sun rage gudu, sun ɗaura bel, sun sa hula, sun hukunta mai laifi ko ɗan wane ne.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, gyaran hanya dabam, tsira da rai dabam. Jandarma ba ya cikin kowace mota, amma fasinja yana ciki. Asusun ƙungiyarmu an kafa shi domin rijiya da makaranta, ba domin likkafani da kai gawa gida ba. Saboda haka muna roƙon kowa: in mota ta cika maƙil a Wadata, a jira ta gaba. In direba yana gudun wuce sa'a ko yana gyangyaɗi, a haɗa baki a yi masa magana. Kada a ba yaro babur sai da hula. In tanka ta faɗi, a yi nesa da ita.

Ajali na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Allah Ya kai mu gida lafiya, amin.