Wa ke kwana da majinyaci bayan tiyatar zuciya?

Ranar 6 ga Mayu, 1953, a birnin Filadelfiya na Amurka, Dakta John Gibbon ya toshe wata kafa a zuciyar wata budurwa 'yar shekara 18, yayin da na'ura ta karɓi aikin zuciyarta da huhunta. Karo na farko ke nan da irin wannan tiyata ta yi nasara. Ba a jima ba likitoci suka gane cewa ɗinke ƙirji rabin aiki ne. Jini na iya tsiyaya a ciki, bugun zuciya ya rikice, ƙoda ta tsaya, kuma sau da yawa a daren farko.

A wancan zamani likitan fiɗa da ƙananan likitocin da ke koyon aiki a hannunsa su ke gadin majinyaci. Dakta John Kirklin, wanda ya fara tiyatar zuciya da na'ura a asibitin Mayo a 1955, inda huɗu cikin majinyatansa takwas na farko suka rayu, ya ga cewa idon mutum ɗaya ba zai wadatar ba. Da ya koma Jami'ar Alabama a 1966, sai ya ɓullo da abu biyu. Ya sa kwamfuta ta riƙa auna matsin jini, har ta ƙara wa majinyaci jini bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa mata. Sannan a 1967 ya buɗe shirin horar da mataimakan likitan fiɗa, mutanen da ba likitoci ba ne. A ganina, wannan na biyun ya fi tasiri, domin ya raba nauyin da a da ke wuyan likita shi kaɗai.

Daga baya ƙwararrun likitocin kulawa ta musamman suka shigo, sai gardama ta tashi kan wa ke da ta cewa. A wani tsarin, likitan fiɗa ke riƙe da ragama, sauran su ba da shawara. A wani, da zarar an turo gado, majinyaci ya koma hannun likitan sashen. Likitocin fiɗa suna da hujja: su suka ga zuciyar da idonsu. Sai dai da safe suna ɗakin tiyata, hannu cikin wani ƙirjin.

A 2003 aka ƙayyade aikin likitoci masu neman ƙwarewa a Amurka zuwa sa'a 80 a mako. Asibitoci da dama suka cike giɓin dare da mataimakan likita da manyan ma'aikatan jinya, suna aiki tare da nas ɗin da kan tsaya kan majinyaci ɗaya tak har a cire masa na'urar numfashi.