Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Yadda Waya Ta Koyi Rage Gudu

Duk wanda ya bi hanyar Anka zuwa Gummi ya san yadda waya ke yi. A cikin gari bidiyo na tafiya sumul, amma da an nausa daji wajen Bukkuyum sai hoto ya dushe, daga baya saƙon murya kaɗai ke iya wucewa. Mutane kan ce sabis ya yi ƙasa. A gaskiya dabara ce da aka ɗauki shekaru ana gyara ta.

Tushenta na komawa 1948, lokacin da Claude Shannon, wani masanin lissafi a Amurka, ya nuna cewa kowace hanyar sadarwa tana da iyakar abin da za ta ɗauka, gwargwadon faɗinta da ƙarfin sigina a kan hayaniyar da ke cikin iska. Jaki ba ya ɗaukar kaya iri ɗaya a tudu da cikin yashi.

Layin GSM da ya shigo Najeriya a 2001 don magana aka gina shi. Da aka ɗora masa data, tsarin GPRS ya zo da matakan gudu 4, sannan EDGE, mai harafin E ɗin nan da ke fitowa a saman waya, ya kai su 9. A zamanin 4G kuwa ciniki ya ƙara sauri. Waya tana auna ingancin siginar da ke iso mata, ta ba turken sadarwa maki daga 0 zuwa 15, shi kuma turken yana iya sauya yawan kayan da yake aiko mata sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Na kusa a loda masa, na nesa a rage masa, a kuma ƙara maimaici don kada saƙo ya lalace a hanya.

Sai dai dabarar tana da iyaka. A watan Satumban 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, bisa buƙatar gwamnatin jihar. Makonni aka yi babu ko harafin E. Waya ta iya lallaɓa sigina mai rauni, amma sai akwai turke a tsaye yana aiki.