Ƙwaron wake, daga kasuwar Umdurman zuwa buhunka

Wannan taƙaitawa ce ta shirinmu na tarihi, kuma yau Sudan muka nufa, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, Khartum a gefe guda, Umdurman a tsallake.

Dattawan can har yau suna ambaton "Sanat Sitta", wato shekarar 1306 ta Hijira, 1888 zuwa 1889 ke nan, zamanin Halifa Abdullahi. Fari ya zo, fara ta biyo, ga jama'a an tara a Umdurman. Yunwa ta kashe mutane ba adadi. Wanda ya ga wannan ba ya wasa da ajiyar hatsi. A karkarar Sudan akwai ramin da ake kira matmura: a haƙa, a zuba dawa, a rufe da ƙasa ruf. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Bayan Turawan Ingila sun ci Umdurman a 1898, an buɗe ɗakin binciken Wellcome cikin Kwalejin Gordon ta Khartum, ƙarƙashin Dakta Andrew Balfour, ana nazarin cututtuka da ƙwarin da ke addabar mutane, dabbobi da amfanin gona. A 1925 aka kammala madatsar Sennar, noman Jazira ya kankama: auduga, dawa da lubiya. 'Yan'uwanmu Hausawa da Fulani, waɗanda hanyar Hajji da hijirar bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kai can, su ma sun yi gumi a gonakin nan. Abin da aka girbe ya bi jirgin ƙasa da na ruwa zuwa kasuwanni, ƙwaron da Larabawan can ke kira sus yana biye.

To, yaya rayuwar ƙwaron wake take? Macen tana manna ƙwanta a bayan ƙwayar wake. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ta shiga, ba ta kuma fita sai ta zama ƙwaro, wajen mako uku zuwa huɗu idan ana zafi. Ƙwayar nan ɗaya ita ce gidanta, ita ce tukunyarta. Babban ƙwaron ma ba sai ya ci komai ba. Abin da ya tara yana tsutsa, da shi zai rayu ya hayayyafa. Saboda haka ƙosasshiyar ƙwaya kan fid da ƙosasshen ƙwaro, motsattsiya ko wadda tsutsotsi suka yi wa cunkoso ta fid da ƙanana. Babbar mace kuwa ta fi zuba ƙwai. Shi ya sa macen ke laluben ƙwaya kafin ta zuba: ta fi son babba, wadda ba a riga ta ba. Ka ga ke nan, wakenka mafi kyau shi ta fi so.

Amma ga abin mamaki. A kudancin Indiya akwai jinsin ƙwaron nan da ya saba da wani ƙanƙanin wake. Da yake ƙwayar ba ta isar biyu, tsutsotsin faɗa suke yi, babba ta kashe ƙarama. Wani masani a Amurka, Frank Messina, ya mai da su kan irin wakenmu mai girma. Bayan haihuwa da yawa, a rahotonsa na 2004, faɗan ya ragu, jikinsu ma ya ƙanƙance. Inda abinci ya wadata, ƙarfi ya daina zama dole.

Kai makiyayi, kana da hannu a ciki. A bakin Farin Nilu a Khartum akwai dajin Sunt, wato bagaruwa, wadda majeman Umdurman ke jima da 'ya'yanta kamar na Kano. Ita ma tana da nata ƙwaron mai cinye iri. Idan dabbobinka suka ci kwanson itatuwan ƙaya da wuri, irin ya tsira daga ƙwaro, ya fita cikin kashi ya tsiro a wani wuri.

Kai kuma ɗan kasuwa, koma ga matmura. Sirrinta hana iska shiga. Shi ne dai sirrin buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue da masana irin su Ibrahim Baoua na INRAN a Maraɗi suka yaɗa tun daga 2007. Shanya wake ya bushe ƙarau, ka ɗaure kowane ruɓi daban, kada ka riƙa buɗewa. In za ka saya, duba farin ɗigo a bayan ƙwaya. Ƙwai ne, ko da ba ka ga huda ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, mutanen can sun sake sanin darajar mudu guda. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya tsare mana rumbunanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.