Bibiyar Ƙullutun Huhu: Daga Ƙa'idar Fleischner Zuwa Fashaga

Ƙullutun huhu, a wurin likitocin ƙirji, tabo ne kewayayye da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba, wanda galibi akan ci karo da shi a hoton da aka ɗauka don wata lalura dabam, mai shi kuwa ba ya tari, ba ya jin komai. A zamanin hoton ƙirji na gargajiya, abin da likitoci suka dogara da shi shi ne a nemo tsohon hoto a gwada da sabo, in ƙullutun ya shekara biyu bai ƙaru ba a ɗauka ba sankara ba ce. Na'urar siti-sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a 1971, ita ta dagula wannan lissafi, domin daga baya ta riƙa nuna ƙananan ƙullutai masu ɗimbin yawa, har aka yi ta maimaita wa mutane hoto ba gaira ba dalili.

Ƙungiyar Fleischner ta masana cututtukan ƙirji ta fitar da ƙa'ida a 2005, ta kuma sabunta ta a 2017, inda ta ce daskararren ƙullutun da bai kai milimita 6 ba, a jikin wanda haɗarinsa kaɗan ne, ba ya buƙatar bibiya, wanda ya wuce milimita 8 kuwa a sake dubawa bayan wata uku ko a tsakuro nama a bincika.

Sai dai an tsara ƙa'idar ne inda na'ura ke ko'ina kuma sankara ce abin tsoro. A Fashaga da ke jihar Gadarif ta Sudan, ƙasar noman riɗi da dawa, tarin fuka ne ya kamata likita ya fara zargi, saboda yakan bar tabon da ke kama da sankara, don haka gwajin kaki ke gaba da maimaita hoto. Bibiya kuma tana buƙatar majinyaci ya dawo, alhali leburan gona da ya zo aikin kaka ya kama gabansa kafin wata ukun su cika. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ƙara tsananta lamarin, tunda manyan cibiyoyin sankara na Sudan suna Khartum da Wad Madani ne, biranen da faɗa ya ɗaiɗaita. Shi ya sa miƙa wa majinyaci hotonsa da kwanan wata a jiki, a gargaɗe shi ya adana, ya fi alƙawarin dawowa amfani a can.