Idan Allon Kwamfuta Mai Katin Hoto Biyu Yana Ƙiftawa: Yadda Za Ka Gano Inda Matsalar Take

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake saye a Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba, musamman na hannu waɗanda ake kira tokumbo, suna zuwa da katin hoto guda biyu. Idan allonsu ya fara ƙiftawa, abu na farko da ake ce wa mutum shi ne sikirin ne ya mutu, a canza. Sau da yawa sikirin lafiyarsa ƙalau, sai an saka sabo a ga ƙiftawar tana nan daram. Ga yadda za ka bi abin daki-daki kafin ka fitar da kuɗinka.

Mene ne katin hoto biyu?

Katin hoto shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da kake gani a allo. Na farko yana haɗe a cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar, kamar Intel HD, Intel UHD ko Iris Xe. Ba ya cin batir sosai, shi ke ɗaukar ƙananan ayyuka irin su rubutu da shiga intanet. Na biyu kati ne mai zaman kansa, na Nvidia ko AMD, mai ƙarfi amma mai cin wuta da zafi. Shi ke tashi idan ka buɗe gem, ko manhajar gyaran bidiyo, ko AutoCAD.

Kwamfutar da kanta take miƙa aiki daga wannan zuwa wancan. Nvidia ta sa wa tsarinta suna Optimus, ta fito da shi a 2010. A yawancin irin waɗannan laftof, allon yana jone ne da katin Intel. Ko da Nvidia ce ta yi zanen, ta hannun Intel hoton yake bi kafin ya iso idonka. Shi ya sa direban Intel kan iya jawo ƙiftawa alhali kai kana zargin Nvidia. Direba a nan shi ne 'yar manhajar da ke sa Windows ta iya magana da katin.

Don ka tabbatar taka mai biyu ce, danna dama a kan Start, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Display adapters. Idan ka ga suna biyu, to shi ke nan.

Gwaji huɗu da ba sa cin ko sisi

1. Zare caja. Ka bar laftof ɗin a kan batir kawai. Idan ƙiftawar ta tsaya, ka duba caja ko wutar da kake jona ta. Cajar jabu, ko wadda ƙarfinta bai kai abin da laftof ke buƙata ba, tana kawo wannan, haka ma wutar ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Laftof mai katin Nvidia tana jan wuta fiye da ta kullum, don haka ka duba lambar wat da ke jikin cajar asali, kar ka sa wadda ta gaza ta.

2. Shiga BIOS. Kashe kwamfutar, ka kunna kana danna F2 a Dell, ko F10 a HP. A wannan shafin Windows ba ta tashi ba tukuna, direba ma bai fara aiki ba. Idan a nan ma allon yana ƙiftawa, matsalar ta ƙarfe ce. Idan ya tsaya cak, yawanci manhaja ce, kuma za ka iya gyarawa da kanka.

3. Buɗe Task Manager. Danna Ctrl, Shift da Esc lokaci guda. Idan shi ma yana ƙiftawa tare da komai, direba ne. Idan komai yana ƙiftawa ban da shi, wata manhaja ce da ka saka. Ka tuna wacce ka saka daga baya-bayan nan, ka cire ta. Wannan gwajin Microsoft da kanta ke ba da shawararsa.

4. Jona ta da talabijin ko wani allo ta HDMI. Idan hoton waje yana da kyau amma na laftof yana rawa, ka zargi sikirin ko siririyar wayar da ta bi ta cikin hinji. Amma a kula: a laftof ɗin gem da yawa, ramin HDMI yana jone kai tsaye da Nvidia, allon ciki kuma da Intel. Ke nan kyawun hoton waje bai wanke direban Intel ba. Ka haɗa da gwajin BIOS kafin ka yanke hukunci.

Idan matsalar manhaja ce

Fara da danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. Allon zai yi baƙi na ɗan lokaci, ka ji ƙara, direban ya sake tashi. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa.

In ta dawo, sai ka gano wane kati ne mai laifi. A Device Manager, danna dama a kan katin Nvidia ko AMD, ka zaɓi Disable device, ka yi aiki na ɗan lokaci. Idan ƙiftawar ta ɓace, shi ne. Idan tana nan, ka mayar da shi, ka juya kan na Intel.

Idan abin ya fara ne bayan Windows ta sabunta kanta, shiga Properties na katin, ka je Driver, ka danna Roll Back Driver don komawa tsohon. In bai yi ba, cire direbobin duka biyu. Masu gyara suna amfani da manhajar DDU ta kyauta a cikin Safe Mode, saboda tana share har ragowar tsohon. Sannan ka sauko da sababbi daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da lambar samfurinka. Na Intel ake fara sakawa, a sake kunna kwamfutar, sannan na Nvidia ko AMD. Ka katse intanet yayin aikin, don kar Windows ta riga ka cusa nata.

Akwai saiti uku da suka yi ƙaurin suna a wannan matsala:

Panel Self Refresh. Dabara ce ta tanadin batir. Idan ƙiftawar ta fi zuwa lokacin da kake kan batir, buɗe Intel Graphics Command Center, ka je System, sannan Power, ka kashe shi.

Saurin sabunta hoto. Allo na yau da kullum yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, na gem kan kai 120 ko 144. Shiga Settings, System, Display, Advanced display, ka gwada 60. Idan allo biyu kake amfani da su, gwada daidaita su a lamba ɗaya.

G-Sync da FreeSync. Suna sa haske ya riƙa hawa da sauka a wasu allon, musamman lokacin da gem ke lodi. Kashe ka gani.

Idan kuma manhaja ɗaya ce tak ke jawo ƙiftawar duk lokacin da ka buɗe ta, je Settings, System, Display, Graphics, ka ɗaure ta a kan kati ɗaya. A Chrome kuma gwada kashe hardware acceleration. Masu MacBook Pro mai kati biyu za su ga Automatic graphics switching a saitin batir, su cire alamar su gwada.

Abu ɗaya da ba matsala ba ne: wasu sababbin laftof ɗin gem suna yin baƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu lokacin da suke sauya kati. Haka aka ƙera su.

Masu kwamfutar tebur

Duba bayan akwatin. Ramukan sama na uwar allo ne, na ƙasa waɗanda ke kwance su ne na katin hoto. Idan kana da kati na daban, a nan ake jona waya. Canza wayar HDMI ko VGA da wata da ka san tana aiki, domin waya mai arha ko wadda ta saki ita ce ta fi yawan jawo wannan. In ba ta daina ba, kashe wuta gaba ɗaya, ka zare katin ka mayar da shi ya zauna sosai.

Idan matsalar ta ƙarfe ce

Motsa murfin laftof a hankali, gaba da baya. Idan ƙiftawar tana canzawa da motsin, wayar cikin hinji ce, kuma ta fi sikirin araha nesa ba kusa ba. Masu Dell su kashe ta, su riƙe harafin D su kunna. Allon zai nuna launuka ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ƙifta a nan, sikirin ne ko wayarsa.

Idan kuwa sai ta ɗauki zafi take farawa, ko kana ganin layuka da ɗigo-ɗigo masu launi har a allon waje, katin ne da kansa. A fara da share ƙurar fanka da canza man da ke kan cif. Idan mai gyara ya ce zai gasa cif ɗin da iska mai zafi, ka sani gyaran kwana kaɗan ne, yakan dawo. MacBook Pro mai inci 15 da 17 ta 2011 ta yi suna a wannan ciwo, har Apple ta buɗe shirin gyara kyauta a 2015, wanda tuni aka rufe.

Kafin ka biya kuɗin laftof na hannu

Kar ka yarda da kunnawar minti biyu a bakin shago. Duba Device Manager ka ga katunan biyu ba su da alamar rawaya. Idan sunan Nvidia yana manne a jiki amma babu shi a jerin, mai yiwuwa an kashe shi ne don a ɓoye lalacewa. Kunna bidiyo mai nauyi na kamar minti 20, da caja da kuma babu caja, ka motsa murfin. Sannan ka sa a rubuta maka kwanakin garanti a kan rasit.