Ɗigon Fenti a Kan Dalma

Mu da muke zubin kan jig a jihar Minnesota ta Amurka muna da gardama guda wadda ba ta tsufa: shin kifi yana kula da launin kan kuwa? Kan jig ɗin nan ba wani abu ba ne illa ƙugiya da aka zuba wa dunƙulen dalma a wuya, don ta nutse da koton roba zuwa inda kifi yake. Wani kan bai kai ƙwayar gyaɗa ba, amma a kansa abokai sukan yi musu tun daga bakin tafki har gida.

Da farko ba roba ake sa masa ba, gashi ake ɗaurawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan ruwan Amurka sun riƙa sa jig mai gashin wutsiyar barewa cikin kayan ceton rai, don wanda jirgi ya nutse da shi ya samu abin kama kifi. Fari ne ko ruwan ɗorawa, kai da gashi launi ɗaya, ba wanda ya tsaya tambaya.

Roba ce ta kawo maganar. A 1949 Nick Creme da matarsa suka dafa tanar roba ta farko a gidansu da ke Akron, jihar Ohio. Tom Mann na Alabama ya fito da Jelly Worm a 1967, mai launi da ƙamshin 'ya'yan itace, sannan a 1972 kamfanin Mister Twister na Louisiana ya kawo roba mai lanƙwasasshiyar wutsiya wadda take kaɗawa da kanta in an ja ta. Wannan wutsiya ita ce ta aurar da roba ga kan jig. Daga nan launi ya koma jikin roba, kala-kala har ba a iya ƙirgawa, sai masunci ya tsaya da roba a hannun dama, kai a hagu, yana tunani: in haɗa su launi ɗaya, ko in bambanta?

Tsofaffin masu kamun kifin bas da yawa ba su ma shafa fenti. Cewa suke dalma in ta kwana biyu ta dushe, ta fi kowane fenti kama da abin cikin ruwa. Masu kamun kifin walayi a tafkunan arewa kuwa, inda ruwa yake da duhu kamar shayi saboda ruɓaɓɓen ganye, sun rantse da tsanwa mai ƙyalli, da ruwan lemo, da ruwan hoda. Dukansu suna da gaskiya, domin ba ruwa ɗaya suke shiga ba. A ruwa garau ja ne yake fara ɓacewa, cikin 'yan mitoci ya koma toka-toka, shuɗi kuma ya fi kowa nisa. A ruwa mai laka ko gansakuka lissafin yakan juye, shuɗin ne ke mutuwa da wuri. Binciken Dwight Burkhardt na Jami'ar Minnesota ya nuna idon walayi ya fi kama ruwan lemo da kore, wanda ya gaskata abin da masunta suka riga suka gano da hannunsu.

An ma yi zamanin na'ura. A shekarun 1980 Dokta Loren Hill na Jami'ar Oklahoma ya fito da Color-C-Lector, wadda ake zura wa ruwa ta auna haske, allura ta nuna launin da za a ɗaura. Ta yi kasuwa, ta cika shaguna da launukan da ba a saba gani ba, daga baya aka daina yayinta. Ban raina ta ba: ita ta koya wa mutane su dubi ruwan kafin su buɗe akwatin koto.

A wurinmu masu zubi, babban sauyi shi ne garin fenti. Da can fentin ruwa ake tsomawa, a sa farin ƙasa, a jira, a sa launi, a jira, ga wari mai hawa kai, kuma dutse biyu ya isa ya ɓare shi. Yanzu sai ka riƙe ƙugiya da filaya, ka gasa kan na 'yan daƙiƙu, ka tsoma cikin garin ka fizge. Nan take garin ya narke ya kwanta sumul yana sheƙi. Sai ka tsokale idon ƙugiya tun fentin bai taurare ba, in ba haka ba zare ba zai shiga ba, sannan ka rataye su a tanda kamar minti 20. Da wannan ne kowa ya iya yin launin da ya ga dama a garejinsa, gardama kuma ta ƙara zafi.

Wanda ya fi burge ni a wannan fage shi ne Ned Kehde na Lawrence, jihar Kansas, mai salon da ake kira da sunansa: guntuwar roba a kan ƙaramin kai mai siffar naman kaza, nauyinsa bai kai giram 2 ba. Robarsa sau da yawa mai duhu ce, amma kan ja ne, ko tsanwa, ko shuɗi. Ɗigo ɗaya na launi ya isa ya ja ido, sauran jikin ya yi kama da abinci. Ga yadda nake ba masu saye shawara. Ruwa garau da rana tsaka, kifi ya sha matsin masunta, a sa kai baƙi ko kore mai duhu ya saje da roba. Ruwa ya gurɓace, a bambanta. Kafin duk wannan kuma a daidaita nauyi, don kan da ya faɗi ƙasa da sauri fiye da kima ba launin da zai cece shi.

Ita kanta dalmar tana ja da baya. Tsuntsayen ruwa da ake kira lun suna haɗiye ta su mutu, shi ya sa tun 2016 jihar New Hampshire ta hana jig na dalma mai nauyin oza ɗaya ko ƙasa da haka. Ƙarfen tangistan da ke maye gurbinta ya fi dalma nauyi, kai yakan fito ƙarami, wurin shafa fenti ya ragu. Ba ya kuma narkewa a tukunyarmu ta gareji, sai dai mu sayo daga masana'anta mu yi masa fenti.