Injin markaɗe mai yoyo: inda ruwa ke fita da yadda ake gyara shi

Ƙaramin injin markaɗe na lantarki, wanda ake kira mulinas daga sunan kamfanin Moulinex na Faransa, ya shiga gidaje a Tanut da Balbeji don niƙa tumatir, tattasai da dama fura. Yoyo ce cutarsa, kuma yawanci daga gindin kofi take fitowa.

Tsakanin kofin da wuƙar akwai zoben roba. Zafin Damargu yakan busar da shi ya tsage, ko yashi da ƴaƴan tumatir su maƙale a ƙarƙashinsa. Kafin komai a zare waya daga kuran, domin wutar NIGELEC bolt 220 ce. A cika kofin da ruwa, a aza shi a kan busasshiyar takarda. Idan ya ɗiga ta gefe, a kwance gindin, a wanke zoben, a mayar da shi a ɗaure da hannu. Ɗaurin ƙarfi yana fasa gindin.

Idan ruwan ta tsakiyar wuƙar yake bi, musamman baƙi-baƙi, sandar da ke juya ta ce ta ci, sai sabuwar wuƙa gaba ɗaya. Kofin da ya tsage ba a liƙe shi da gam, don abinci ke shiga ciki.

Wanda zai aika kasuwar Dole ta Damagaram neman zobe, ya haɗa da tsohon, saboda faɗinsu ya bambanta. Ruwan da ya sauka cikin mota yakan ƙone ta, gyaranta kuma sai mai gyaran lantarki.